Ƙunshin Zuwa Ofishin Fasfo

Da aka sa mini ranar zuwa ofishin fasfo ban tambayi kowa me ake yi a can ba. Abin da ya fara zuwa raina shi ne wace lafaya zan ɗaura. An ce mini za a ɗauki hoto, kuma hoton zai zauna a cikin littafin shekara da shekaru, Turawa su buɗe su kalla. Ni kuwa na rantse ba za a kai fuskata ƙasar mutane a yamutse ba.

Asalinmu Kanawa ne. Sayar da atamfa ya kawo mahaifinmu Maiduguri, ya sauka a Gwange, a nan aka haife mu duka. Bakinmu dai na Kano ne, amma sauran jiki tuni Barno ta karɓe shi: turaren wuta, humra, dilka, lafaya, uwa uba ƙunshi. A unguwarmu mace ba ta fita sha'ani da farin hannu sai in takaba take yi. Ko barka za ki shiga maƙwabta, in aka ga tafin hannunki fari fat, sai wata ta ja ki gefe ta tambaye ki ko lafiya kuke da maigidan.

Dalilin tafiyar kuwa ƙanwata ce, autarmu. Mijinta ya sami gurbin karatu a wata ƙasa a Turai, a wani gari da har yau in zan faɗi sunansa sai harshena ya yi tuntuɓe. Ta bi shi, Allah ya kawo rabo, cikin fari. Innarmu ta rasu tun kafin bikin Auta, ni na tsaya mata a matsayin uwa, ni na kai ta ɗaki. Mu manyan duka Inna ce ta yi mana wankan jego da hannunta, safe da yamma har arba'in. Auta kaɗai ce ba za ta samu ba, kuma ta san haka. Wata rana muna waya, muna hirar sanyin garinsu, sai kawai ta yanke ta ce:

"Yaya, wa zai yi mini wanka?"

Na ce, "Ina numfashi kike wannan tambayar? Gaya wa mijinki ya aiko da takardar gayyata. Kafin ki fara naƙuda ina tsaye a kanki."

Haka na faɗa, da murya irin ta wadda ta saba hawa jirgi. Alhali tafiya mafi nisa da na taɓa yi Kano ce, ita ma a mota, da ledar amai a hannu tun daga Damaturu.

Mijin Auta yaro ne mai natsuwa, ya yi mini bayanin abin daki-daki. Ya ce sai an fara samun fasfo, domin da lambarsa ake neman rana a ofishin jakadanci a Abuja, a can kuma za a duba ko za a ba ni biza. Ya ce akwai lokaci, amma ba mai yawa ba, kada a yi wasa da matakin farko. Na ce masa ni malamar makaranta ce, ba a maimaita mini magana.

Kafin a ce me, duk makarantar firamaren da nake koyarwa ta san zan tafi Turai. Ba ni na yaɗa ba, mutum biyu kawai na gaya wa, sai dai na zaɓe su da kyau. Na je gwanjo na sayo wata tafkekiyar rigar sanyi mai gashi a wuya, na gwada ta a tsakar gida a tsakiyar zafin bazara, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema. Malam, wato maigidana, ya ɗago daga tabarma ya dube ni ina zufa ya ce, "Hajiyar Turai, a sauka lafiya." Daga ranar sunan ya zauna.

Ana saura kwana biyu zuwa ofis na shiga gidan Kaka. Tsohuwa ce Babarbariya a bayan layinmu, ita ta yi wa rabin amaren Gwange ƙunshi, har da ni. Ba ta harka da lallen zamani na roba da 'yan mata ke zane da shi. Nata na gargajiya ne, ita take daka ganyenta, ta kwaɓa, ta ƙunsa miki a ɗaure, in an kwance ya yi ja ta bi shi da haɗinta har ya koma baƙi wuluk.

"Wushe, wushe, feronyi," in ji ta da Barbarci, wato sannu 'yata. "Bikin wa?"

Na ce, "Kaka, ba biki ba ne. Gwamnati ce za ta ɗauke ni hoto, Turai za ni."

Ta dafe ƙirji. "Turai! To kawo hannu. Nallen da zan sa miki, sai kin je kin dawo yana nan." Nalle take ce wa lalle, irin na Barebari.

Na ce ta cika shi sosai, musamman kan yatsu, kada ta yi mini rowa. Ba ta yi ba. Ta shafe kowane yatsa tun daga gaɓa har farce, ciki da waje, ta maimaita washegari don ya kama. Da aka wanke, ni kaina sai da na tsaya ina juya hannuwan a rana. Kaka ta tofa musu albarka ta ce, "Ngala," wato ya yi kyau. Ko a ranar aurena ban sami irinsa ba.

Ranar ofis na ɗaura lafaya ruwan zuma, na tsuguna a kan kasko har turare ya ratsa ta, na hau keke napep. A layin mata ban yi minti nawa ba aka fara tambayar wa ya yi mini ƙunshi. Na yi ta ba da kwatancen gidan Kaka kamar ana biyana. Magana ma da hannu nake yin ta, in nuna ƙofa, in gyara mayafi, in sake nuna ƙofar. Wata mata da ke gabana hannunta fari tas, har na ji tausayinta a raina na ce wataƙila mijinta ne ya rasu.

Da layi ya zo kaina aka shigar da ni wani ɗaki mai sanyi. Jami'ar da ke bayan kwamfutar matashiya ce, daga jin Hausarta 'yar kudancin Barno ce, wajen Biu. Ta gaishe ni da ladabi, ta duba takarduna, sannan ta turo wani ɗan akwati mai gilashi a sama ta ce in ɗora yatsu huɗu. Na ɗora su a hankali, yadda za ta gani da kyau. Wuta ta kawo ja. Ta goge gilashin ta ce in sake, in danna sosai. Ja. Muka koma ɗaya hannun, muka gwada babban yatsa shi kaɗai, ta ce in shafa goshina in sake ɗorawa. Duk ja.

Ta kama hannuna ta juya shi, ta yi ajiyar zuciya.

"Mama, injin ba ya ganin yatsunki."

Na ce, "Ba ya gani? Ƙunshin da ake hangowa daga bakin titi?"

Ta danne dariya ta ce ai shi ne matsalar. Zanen fatar yatsa na'urar take karantawa, lallen kuma ya yi kauri da duhu ya rufe shi. Ta ce ba ni ce ta farko ba, kuma ba za a iya ci gaba ba sai an ɗauki yatsun. In koma gida in bari ya fita da kansa, a sa mini wata ranar.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne, ni ce mai koya wa 'yan aji huɗu cewa zanen yatsan kowa daban yake. Kowace shekara ina sa su shafa gawayi a babban yatsa su danna a takarda, in zagaya ina cewa ku ga ikon Allah. An kuma faɗa mini tun farko cewa hoto da yatsu za a ɗauka. Kunnena ya kama hoton ya saki yatsun. Da na fito na ratsa ta gaban layin nan, hannuwan da na yini ina kaɗawa suna cikin lafaya a naɗe.

Malam bai yi dariya nan take ba, wannan na yaba masa. Sai da ya ji labarin duka, ya ce Allah ya kyauta, ya ɗauki buta ya zagaya bayan gida, daga can na jiyo shi. Auta kuwa a waya ta yi dariya har tana cewa in bari, ɗan cikinta na harbinta. Da ta lafa sai ta ce, "Amma zai fita da wuri ko, Yaya?" Na ce kwana nawa ne, ki kwantar da hankalinki.

Da na yi abin da jami'ar nan ta ce, na zauna na jira, da 'yan makonni sun ishe shi koɗewa. Amma tambayar Auta ta hana ni zama. Na koma wajen Kaka na ce ta ba ni abin da ke cire lalle. Ta dube ni kamar na zagi iyayenta. Ta ce tun tana budurwa take wannan sana'a, mata na zuwa su roƙe ta ya daɗe, ba a taɓa zuwa an ce ta cire ba. In ina son mai fita in je wajen 'yan roba.

Sai na shiga neman magani a bakin mutane, kuma a Gwange ba a rasa mai ba da magani. Wata ta ce lemon tsami da gishiri. Wata ta ce toka da kanwa. Wata abokiyar aikina ta rantse da man goge baki. Matar mai shagon layinmu ta ce ruwan bilic na wanke fararen kaya, ɗan kaɗan a kofi. Mai hankali zai zaɓi ɗaya. Ni na haɗa su duka, wannan da safe, wancan da rana, in gama in bi da dutsen goge kaushi. Aka ce wanki na cin lalle, na kwashe kayan gidan kaf na wanke, masu datti da marasa datti. Na sauke labulaye. Na wanke rigunan Malam da ya karɓo daga wajen mai guga. Da kayanmu suka ƙare na leƙa maƙwabta na ce ko akwai wanki, matar ta tsaya tana kallona, don ta san ni, ko nawa sai ya taru nake taɓawa.

Baƙin ya tafi, ja ya biyo shi. Yatsun suna zafi in na taɓa barkono, suna ɗayewa kaɗan-kaɗan, amma ni murna nake, ina ganin fata sabuwa na fitowa. Ranar da aka sake sa mini na tafi da hannu fari sol, na zauna gaban jami'ar nan ina murmushin wadda ta yi aikin gida.

Wuta ta kawo ja.

Ta ɗaga yatsuna kusa da fuskarta ta daɗe tana dubawa. Sun yi sulɓi kamar bayan cokali, ga tsaga nan da can.

"Mama, me kika yi musu?"

Na fara lissafa mata. Ina kaiwa kan bilic ta ɗaga hannu ta ce ya isa. Ta ce wancan karon zanen yana nan lalle ne ya rufe shi, yanzu kuwa zanen ne babu, na kankare shi. Zai dawo, amma sai fatar ta warke, kuma wannan ya fi fitar lalle daɗewa. Ta ce in daina taɓa sabulu mai ƙarfi, in riƙa shafa man kaɗe, don Allah kuma kada in sake jin shawarar kowa. Garin gyaran gira na rasa ido. A keke na yi kuka, mai keken yana ta ba ni haƙuri, ya ɗauka rasuwa aka yi mini.

Makonnin da suka biyo baya na zama sarauniyar dole. Ba wanki, ba wanke-wanke, ba yankan kuɓewa. In zauna a tabarma da hannuwa a sama suna ƙyallin man kaɗe, 'ya'yana mata na girki suna ƙona miya, ina ba da umarni da haɓa. A makaranta ko alli ma sai na naɗe shi da tsumma. Malam in ya shigo sai ya rusuna ya ce, "Ranki ya daɗe, yaya masu jinya?" yana nufin yatsun. Kowace safiya in fita rana in ƙura musu ido ina neman zane, yadda manomi ke duba gona bayan ruwan farko. Auta kuma ta daina tambayata zancen. Sai ta ba ni labarin awo, da kayan jariri da suka saya, da yadda ƙafarta ke kumbura. Rashin tambayar ya fi tambayar ciwo.

A zuwa na uku ban ɗaura lafaya ba, ban yi turare ba. Hijabin da nake zuwa cefane na zura, ban ko shafa hoda ba, don ban sa rai za a kai ga hoto ba. Na ɗora yatsu ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina. Wuta ta kawo kore. Jami'ar ta tafa hannu ta ce, "Mun gode Allah, Mama! Dubi nan." Kafin in gane me take nufi har ta ɗauka. Hoton da ke cikin fasfona ke nan har yau: ido a zare, baki a ɗan buɗe, hijabi ya karkace, kamar wadda aka kama da akuyar mutane.

Fasfo ya fito a lokacinsa, ba wanda ya riƙe shi. Na tura wa mijin Auta lambar, ya shiga neman rana a ofishin jakadanci. Da yamma ya kira ni, ya daɗe yana gaisuwa, ya tambayi Malam, ya tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har na gane. Ya ce ranakun kusa duk an cinye su. Wadda ya samu ta faɗo bayan lokacin da likita ya ɗiba wa Auta, kuma ko an ga mutum a ranar, bizar kanta sai an jira. Ya ce da a ce lambar ta zo tun zuwana na farko, da an samu. Bai faɗa don ya ɓata mini ba, lissafi kawai yake yi da ƙarfi. Na ce a karɓi ranar haka nan. Na je wajen Auta daga baya kuwa, lokacin yaron har ya fara zama, amma abin da aka kira ni in yi ya riga ya wuce.

Auta ta haihu lafiya, namiji, ita da mijinta da ma'aikatan asibiti. Mu nan muka yi guɗa, aka cika gidan da 'yan barka, aka dama kunun kanwa aka sha ba mai jego. Mata na tambayata yaushe ne tafiyar, ina cewa ana kan hanya.

Washegarin da aka sallame ta, ranar Asabar da hantsi, ina tsakar gida ina tsince shinkafa, wayata ta yi ƙara. Auta ce. Muryarta na amsa-kuwwa, na gane a banɗaki take. Ta ce mijin ya fita sayo magani, jaririn ya yi barci. Ta ce ta tafasa ruwa a butar lantarki, ta juye a bokiti, ta sake tafasawa ta juye, har ya kusa cika. Ganye babu, a garin duk bishiyoyin sun zubar, sai ƙaramin tawul za ta tsoma. Ta jingina wayar a kan taga.

"Yaya, ta ina ake farawa?"

Na ajiye farantin. Na ce ta fara taɓa ruwan da gwiwar hannu, in ya fi ƙarfinta ta sirka, kada ta ƙona kanta ba kowa kusa. Na ce ta zauna, kada ta tsaya, jiri na iya ɗibanta. Ta fara daga kafaɗa, ta gangaro baya, ta daɗe a ƙugu. Ta ce hannunta ba ya kaiwa tsakiyar bayan. Na ce ta yi iya inda ya kai.

Na ji ƙarar ruwa, na ji ta ja numfashi ta ce wash. Sai ta ce, "Yaya, in Inna na yi muku, shiru take yi?"

Na ce ina fa shiru. Faɗa take tun daga tsoma ganye har ƙarshe. Ta ce miki raguwa, ta ce wa ya aike ki, ta ce matan da suka haifi goma ba su mutu ba sai ke.

Auta ta ce, "To yi mini."

Ban taɓa jin takaicin kaina irin na wannan hantsin ba. Na share fuska da gefen zane na gyara murya na fara. Na ce gyara zama, raguwa kawai. Na ce ɗaga hannun, wa kike yi wa shagwaɓa. Na ce ruwan nan ko ɗumi bai yi ba kike ihu, mu da aka yi wa da tafasasshe fa. 'Ya'yana suka leƙo daga ɗaki suna mamakin wa nake zagi da hawaye a fuska. Daga can Auta tana dariya, dariyar ta karye ta koma wani abu, ruwa na ta zuba a ƙasa.

"Kada ki kashe, Yaya," in ji ta. "Saura rabin bokiti."

Na ce, "Ina nan. Tsoma ki ƙara a ƙugun."